Daga Aboabo Zuwa Kilomita 42: Jagora Ga Matashin Da Ke Son Gudun Fanfalaki Ya Zama Sana'arsa

Wata safiya bayan sallar asuba, ina zaune a dakalin masallacin unguwarmu a Aboabo, cikin Kumasi ta Gana, ina ɗaure igiyar takalmi, sai wani yaro ɗan shekara 17 ya rusuna ya gaishe ni, ya ce, "Baaba, so nake ka shirya ni in shiga gudun fanfalaki a bana." Ya miƙo mini wayarsa ya nuna mini labarin wanda ya ci gasar Boston ya samu dala 150,000. Na tambaye shi a minti nawa yake cinye kilomita biyar, ya yi shiru, domin bai taɓa aunawa ba. Abin da ya sani kawai shi ne idan ana buga ƙwallo kowa yakan gaji ya bar shi yana zirga-zirga.

Na fahimci yaron sarai, saboda ina ɗan shekara 19 na yi abin da yake shirin yi. Na shiga tseren kilomita 42 da atisayen wata biyu, na bi sahun gaba har rabin hanya, a wajen kilomita 31 cinyoyina suka ɗaure tamau, na zauna a bakin kwata ina rawar ɗari cikin rana. Wata mai koko ce ta bar tukunyarta ta zo ta zuba mini ruwa a ka tana cewa, "Sannu ɗana, sannu." Gwiwar da na ɓata a ranar ta hana ni gudu wata takwas, kuma har yau tana yi mini tsami idan hadari ya haɗu. Gudun fanfalaki, wanda ake kira yada-ƙanin-wani, shi ne ɗakin ƙurya a gidan tsere, kuma ba a isa ƙurya sai an bi ta zaure da tsakar gida. Abin da zan jero a nan shi ne hanyar da na shimfiɗa wa yaron nan, wadda nake ganin ita ce ta dace da matashin zango a Kumasi.

Mataki na farko: ka auna girman abin da kake nema

Tsawon tseren kilomita 42 ne da mita 195. An fara amfani da wannan awo a wasannin Olamfik na Landan a 1908, aka tabbatar da shi a hukumance a 1921. Idan ka mayar da shi kan filin tsere na Baba Yara da ke Kumasi, zagaye 105 ne da rabi. Domin namiji ya samu gurbi kai tsaye a Olamfik na Paris a 2024, sai da ya gama cikin awa 2 da minti 8 da daƙiƙa 10, wato kowane kilomita a minti 3 da daƙiƙa 2, ko kuma kowane zagaye na mita 400 a daƙiƙa 73. Ga mata kuwa awa 2 da minti 26 da daƙiƙa 50 ne. Marigayi Kelvin Kiptum na Kenya, lokacin da ya kafa tarihin duniya a Shikago a watan Oktoba 2023 da 2:00:35, yana cinye kowane zagaye a ƙasa da daƙiƙa 69 ne, sau ɗari da biyar a jere.

Ka je fili da agogo, ka ba abokinka ya riƙe, ka yi zagaye ɗaya a daƙiƙa 73, sannan ka gwada biyu, ka gwada huɗu. Inda numfashinka ya yanke, nan ne asalin matsayinka, kuma daga nan za a fara gini. Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi ka rubuta wannan lokaci da kwanan wata a shafi na farko, domin littafin nan zai bi ka tsawon sana'arka.

Mataki na biyu: asibiti kafin fili

Ka je a auna maka jini, a duba nau'in jininka game da sikila, a duba yawan jinin da ƙarfen da ke cikinsa, likita ya saurari zuciyarka ya auna hawan jini. Mai ɗauke da rabin sikila yakan rayu lafiya lau, amma gudu mai tsanani cikin zafi tare da ƙishirwa na iya jefa shi cikin haɗari, don haka dole ne shi da kocinsa su sani. Idan ka taɓa suma kana wasa, ko wani a danginku ya rasu farat ɗaya yana matashi, ka faɗa wa likita ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Zazzaɓin cizon sauro kuma babban abokin gaba ne ga mai gudun nesa, saboda ƙwayoyin jinin da ke ɗaukar iska zuwa tsoka yake fasawa. Ka kwana cikin gidan sauro, idan zazzaɓi ya kama ka a gwada, ka sha magani har ƙarshe, kuma kada ka yi gudu jikinka da zafi ko da gobe ne gasa.

Mataki na uku: shekarun gajeren zango

Wannan shi ne matakin da matasa suka fi ƙi, kuma shi ne ya fi kowanne yanke hukunci. Eliud Kipchoge ya ci kambun duniya na mita 5,000 a Paris a 2003 yana ɗan shekara 18, amma bai taka fanfalaki ba sai a Hamburg a 2013, bayan shekara goma yana goge saurinsa a fili. Haile Gebrselassie na Habasha ya ci zinare na mita 10,000 a Olamfik na 1996 da na 2000, sannan ya kafa tarihin fanfalaki da 2:03:59 a Berlin a 2008 yana da shekara 35. Ko Kiptum da ake cewa ya tsallake fili ya faɗa titi, ya shafe shekaru yana tseren rabin fanfalaki kafin ya gwada cikakke a Valencia a ƙarshen 2022. Dokar Olamfik ma ba ta barin wanda bai kai shekara 20 ba ya shiga wannan tsere.

Dalilin a bayyane yake. Mutumin da iyakar saurinsa a kilomita 10 minti 33 ne, babu yadda za a yi ya jera kilomita 10 sau huɗu a minti 31 kowanne, komai juriyarsa. Sauri a ƙuruciya ake gina shi, juriya kuwa tana ci gaba da ƙaruwa har bayan shekara 30. Haka nan zuciya da huhu suna saurin sabawa da aiki cikin watanni, amma ƙashi da jijiya sai an ba su shekaru, shi ya sa yaro yakan ji yana da sauran numfashi alhali ƙashin ƙwaurinsa ya fara tsagewa.

Saboda haka daga shekara 15 zuwa 19 ka zauna a mita 1,500 da 3,000 da 5,000 da tseren daji. Ka shiga gasar makarantun sakandare da muke kira intako, wadda ke cika filin Baba Yara maƙil, domin a nan masu neman 'yan wasa suke baza ido. Daga 19 zuwa 22 ka koma mita 10,000 da tseren titi na kilomita 10, sannan rabin fanfalaki. A ganina, namijin da bai sauko ƙasa da minti 30 a kilomita 10 ba, ko macen da ba ta sauko ƙasa da minti 34 ba, bai kamata su ajiye karatu ko sana'a saboda gudu ba tukuna. Su ci gaba da atisaye, amma da igiya biyu a hannu.

Mataki na huɗu: koci, abokan gudu, da abin sawa a bakin salati

Ka nemi koci mai takardar horarwa wanda hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta Gana ta san da zamansa, ka kuma yi rajista da ƙungiya, saboda lokacin da ba a rubuta a hukumance ba kamar ba a yi shi ba ne. Alamar koci nagari ita ce yana tambayar barcinka da abincinka, yana iya cewa "yau koma gida ka huta", kuma yana da yaran da suka daɗe a hannunsa ba su lalace ba. Kipchoge tun yana saurayi yake hannun Patrick Sang bai sauya ba. Ka nemi abokan gudu uku ko huɗu da suka ɗan fi ka, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ranar da bargo ya yi daɗi ƙwanƙwasa ƙofarsu ce za ta tashe ka.

Sai batun ciki, wanda ba na so a yi masa kara. A Gana kuɗin gasa kaɗai ba ya riƙe gida. Hanyoyi biyu ne na ga suna ɗorewa. Ta farko ita ce aikin ɗamara, wato soja, 'yan sanda, gandiroba, kwana-kwana, shige-da-fice da kwastan, waɗanda ke ɗaukar 'yan wasa suna ba su albashi da lokacin atisaye. Ta biyu ita ce karatu: Martha Bissah, wadda ta ci zinare na mita 800 a Olamfik na matasa a Nanjing a 2014, gudu ne ya kai ta jami'a a Amurka, haka ma William Amponsah, wanda ya ci azurfa a rabin fanfalaki a wasannin Afirka da aka yi a Akra a watan Maris 2024. Hanyoyin nan biyu duk suna neman takardar kammala sakandare mai kyau, don haka yaron da ya jefar da littafi saboda gudu ya rufe wa kansa ƙofar gudun. Idan sana'ar hannu kake yi, ka zaɓi wadda ba ta cin ƙafa. Ɗinki ko gyaran waya sun fi dako a kasuwar Kejetia sauƙin haɗawa da atisaye sau biyu a rana.

Mataki na biyar: yadda mako yake tafiya

Manyan masu fanfalaki na yin kilomita 160 zuwa sama da 200 a mako, amma wannan ƙarshen tsani ne. Ka fara da 40 ko 50, ka riƙa ƙara kaɗan-kaɗan, kimanin kashi ɗaya cikin goma a mako, kuma kowane mako na huɗu ka rage domin jiki ya haɗiye aikin. A shekara guda ƙarin kilomita 15 zuwa 20 a kan matsakaicin makonka ya isa.

Kusan kashi huɗu cikin biyar na gudunka ya zama mai sauƙi, irin wanda za ka iya yin hira da na kusa da kai ba tare da haki ba. A nan yaranmu suke ɓata rawarsu da tsalle, domin kowace safiya sai su mayar da ita gasa, a koma gida ana alfahari da wanda ya riga isowa, ranar aiki mai wuya kuma a tarar da ƙafa babu komai a cikinta. Gudu mai sauƙi shi ne ke ƙara ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, yana koya wa jiki ƙona kitse, yana ƙarfafa jijiya a hankali.

Ranakun wuya uku ne, kuma ba a jera su. Ranar Talata ta fili ce: misali mita 1,000 sau shida zuwa takwas a saurin tseren kilomita 10, da hutun minti biyu na sassarfa a tsakani. Ranar Alhamis ta gudu mai ɗorewa ce, minti 20 zuwa 40 a saurin da yake da nauyi amma ba ya yanke numfashi, ko kuma a riƙa sauya sauri, minti biyu da ƙarfi minti ɗaya a hankali, har sau 15. Ranar Juma'a na fi son a huta ko a yi ɗan gudu kaɗan, a je masallaci da nutsuwa. Ranar Lahadi ta dogon zango ce, lokacin da motoci suka ragu: mai farawa kilomita 15, mai shirin rabin fanfalaki 22 zuwa 25, mai shirin cikakke 30 zuwa 38. Sau biyu a mako ka ƙara atisayen ƙarfafa ƙugu, ciki, cinya da ƙwauri, ko da da nauyin jikinka ne kawai a tsakar gida.

Ka guji kwalta gwargwadon iko, ka nemi hanyar jar ƙasa a bayan gari ko ciyawar filayen jami'ar KNUST. Allah ya ba Kumasi tudu da gangare, kuma hanyar da ta gangara tafkin Bosomtwe daga Kuntanase makaranta ce sukutum ga mai son ƙarfin hawa. Ka hau da gudu, ka sauko a hankali, saboda gangara ce ke cin gwiwa. Idan dole sai ka bi titi, ka fuskanci motocin da ke zuwa, ka sa riga mai haske, kada ka toshe kunne da waƙa, domin direban trotro da asuba fasinja yake nema ba kai yake kallo ba.

Zafi shi ne babban bambancinmu da Kenya. An fi yin lokaci mai kyau a fanfalaki idan sanyi na wajen digiri 10, mu kuwa da wuya mu ga ƙasa da 21 ko da asuba, ga kuma laima a iska da ke hana gumi bushewa. Don haka aiki mai wuya ya ƙare kafin ƙarfe bakwai da rabi na safe, kuma kada ka kwatanta lokacinka na Kumasi da na wanda ke atisaye cikin sanyi ka karaya. Ka hau sikeli kafin dogon gudu da bayansa: kowane kilo ɗaya da ka rasa kusan lita ɗaya ce ta ruwa, wato ledar ruwa biyu, kuma da wannan za ka san abin da jikinka ke buƙata. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, safiya tana daɗi amma ƙura tana cin ƙirji, sai a kauce wa manyan tituna. Watan Agusta ya fi kowanne dacewa da aiki mai nauyi.

Da azumi kuwa, abin da muke yi shi ne mu rage yawan gudu da kusan kashi ɗaya cikin uku, mu yi ɗan gudu mai sauƙi minti 30 zuwa 40 gab da shan ruwa, mu mayar da aikin wuya bayan tarawihi a wuri mai fitila. Ba a sa babbar gasa cikin Ramadan ko makonni biyu na bayan salla idan akwai zaɓi, kuma tun farkon shekara ake duba kalanda a tsara hakan.

Mataki na shida: tukunya da tabarma

Babu abin da mai gudu ke buƙata wanda babu shi a zango. 'Yan Kenya tuwon masara da ganye da madara suke ci, mu kuma muna da tuwon zafi da miyar ayoyo, shinkafa da wake, koko da ƙosai, doya, ayaba, ƙwai, kifi, wagashi da fura da nono. Abin lura shi ne yawa da lokaci. Ka ci abinci cikin awa ɗaya bayan atisaye, mai sitaci da ɗan nama ko ƙwai ko wake, kada ka zauna da yunwa har azahar. Hanta, jan nama da ganye suna riƙe ƙarfen jini, amma shan shayi a kan abinci yana rage abin da jiki ke tsotsa, sai ka ba da tazarar awa ɗaya. Barci awa takwas ne da dare, da ƙailula idan ta samu. Yaron da ke hira a majalisa har ƙarfe ɗaya na dare yana shan ataya, ya tashi huɗu da rabi, atisayensa zuba ruwa ne a rariya.

Game da takalmi, ka sayi wanda ya zauna maka da ɗan sarari a gaban yatsa. Na gwanjo yana yi idan tafinsa bai mutu ba. Ka matsa shi da babban yatsa, in ya ƙi dawowa ka bar shi. Takalmin gasa mai farantin kabon yana taimakawa, amma dokar World Athletics, hukumar guje-guje ta duniya, tun 2020 ta hana kaurin tafinsa ya wuce milimita 40 a tseren titi, kuma kasuwa cike take da jabu. Abebe Bikila ya ci zinare a Rum a 1960 ba takalmi, da 2:15:16, lokacin da har yau ƙalilan ne a yankinmu suke iya yi.

Mataki na bakwai: fanfalakinka na farko

Idan ka kai shekara 22 ko 23, ka yi rabin fanfalaki sau uku ko huɗu, kuma ka shekara kana riƙe kilomita 120 a mako ba rauni, to lokaci ya yi. Shiri na musamman mako 12 zuwa 16 ne. A ciki dogon gudu zai riƙa ɗaukar yanki a saurin gasa, misali kilomita 32 wanda 12 na ƙarshe za ka yi su a saurin da kake nufi. Mako biyu zuwa uku na ƙarshe ka rage yawan gudu sosai amma ka bar ɗan sauri, kwana biyu kafin tsere ka ƙara shinkafa da doya, ka rage mai da yaji da wake.

Abin da ya zaunar da ni a bakin kwata yana da bayani. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta yakan ƙare a wajen kilomita 30 zuwa 35, kuma wanda ya fara da gaggawa ya fi saurin ƙone shi. Maganinsa biyu ne. Na farko, ka gudu rabin farko daidai da lissafi ko a hankali kaɗan fiye da shi, ko da kana jin kamar ana riƙe ka, ko da waɗanda ka fi sun wuce ka. Da yawansu za ka same su a gaba suna tafiya. Na biyu, ka riƙa shan abin sukari tun daga kilomita biyar na farko, ana so a samu giram 60 zuwa 90 a awa. Idan babu kuɗin 'yan ledojin sukari na masu gudu, ka dama sukari cokali uku da ɗan gishiri a rabin lita na ruwa, ko ka riƙe dabino. Ciki ma atisaye yake so, don haka duk abin da za ka sha a gasa ka saba da shi a dogon gudun Lahadi. Ranar tsere ba a sa sabon takalmi, ba a ɗanɗana sabon abinci. Bayan an gama ka ba jiki mako biyu zuwa uku, kuma kada ka wuce fanfalaki biyu a shekara, wanda shi ne abin da galibin manyan suke yi.

Mataki na takwas: fita waje, wakili da kuɗi

Lokacin da duniya za ta yarda da shi sai an yi shi a hanyar da masu awo na hukuma suka auna da keke, a gasar da ke cikin kalandar World Athletics. Kafin ka biya kuɗin rajista ka tambaya ko hanyar tana da takardar awo. Mafi kusa da mu a manyan gasa ita ce ta Legas, wadda aka fara a 2016 kuma ake yi a watan Fabrairu. A can za ka tsaya kafaɗa da kafaɗa da 'yan Kenya da Habasha ka ga tazarar da idonka, ba tare da wahalar biza ba. Sai dai Legas ma zafi gare ta, don haka lokacin da zai buɗe maka ƙofa galibi sai a ƙasa mai sanyi.

Akwai kuma batun tsauni. Iten da Kaptagat a Kenya suna kan tudun kusan mita 2,400, inda ƙarancin iska ke sa jiki ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Dutsen Afadjato, wanda aka fi sani da tsawo a Gana, bai kai mita 900 ba, don haka tudun Kwahu za ta ba ka sanyi da hawa amma ba za ta ba ka wannan amfanin ba. Idan dama ta samu, zaman mako huɗu zuwa shida a Kenya ko Habasha kafin babbar gasa yana da amfani, kuma makon farko a hankali ake yinsa. Amma ban yarda a sayar da filin gado don wannan tafiya ba kafin lokacinka na gida ya nuna ka cancanta.

Wakili shi ne mai nemo maka gayyata, tikiti, masauki da kwangilar kamfanin takalmi, kuma bisa al'ada yana ɗaukar kashi 15 cikin ɗari. World Athletics tana wallafa sunayen wakilan da ta amince da su. Wanda babu sunansa, ko wanda ya ce ka fara biyansa kafin ya yi maka aiki, ka rabu da shi. Kada ka ba kowa fasfonka ya riƙe, kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ita dalla-dalla ba, kuma kada ka wuce kwanakin bizarka, domin wanda ya ɓace a Turai ya kashe sana'arsa ya kuma toshe wa na baya hanya. Ka san cewa kuɗin da ake shelantawa ba shi ke isa aljihu ba: Amurka kan cire harajin da ya kai kashi 30 daga baƙon ɗan wasa, ga kason wakili, ga na koci. Da yawa sun fara ne da aikin jan gudu, wato a biya ka ka riƙe wa manya sauri har kilomita 25 ko 30 ka fita, kuma aiki ne mai mutunci da ke koyar da abin da atisaye ba ya koyarwa.

Mataki na tara: abin da ke shiga bakinka

A dokar hana shan ƙwayoyin ƙara kuzari, duk abin da aka samu a jikinka kai ne da alhakinsa, ko wa ya ba ka. Jemima Sumgong, wadda ta ci zinare a Rio a 2016, an dakatar da ita shekara takwas a kan sinadarin EPO mai ƙara jini da kuma ƙaryar da ta biyo baya. Ruth Chepngetich, wadda ta kafa tarihin mata da 2:09:56 a Shikago a 2024, an dakatar da ita shekara uku a 2025. Wilson Kipsang, wanda ya taɓa riƙe tarihin duniya, hukuncinsa na shekara huɗu ya zo ne a kan saɓa ƙa'idar sanar da inda yake da kuma ba da bayanin ƙarya. Idan ka shiga jerin waɗanda ake gwadawa a kai a kai, dole ka ba da awa ɗaya kowace rana da adireshin da za a same ka, kuma kuskure uku cikin wata 12 laifi ne.

Abin da ya fi ba ni tsoro a kan yaranmu yana nan kusa da gida. Tiramol, wanda ya riga ya cinye mana matasa a zango, ya shiga jerin haramtattu a lokacin gasa tun 1 ga Janairu 2024. Wasu magungunan mura da wasu alluran ciwon gaɓa ma suna ɗauke da abin da aka hana. Jiƙe-jiƙe da magungunan ƙarin ƙarfi da ake tallatawa a tasha kuwa babu mai iya rantse maka a kan abin da ke ciki. Duk lokacin da za a rubuta maka magani ka ce kai ɗan wasa ne da ake gwadawa, ka duba jerin WADA, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, da ake sabuntawa kowace Janairu, idan kuma ciwo ya tilasta maka shan abin da aka hana, akwai takardar izini ta musamman da ake nema tun kafin gasa.

Kalma ga 'yan'uwa mata da iyayensu

Duk matakan nan naki ne ke ma. Sifan Hassan ta ci zinaren fanfalaki a Paris a 2024, ta hau dandalin karɓar lamba sanye da hijabi, kuma yau ana samun kayan gudu masu rufe jiki marasa nauyi. Ki yi atisaye cikin rukuni, da sanin iyaye, da koci wanda gida ya san shi kuma ba ya keɓewa da yarinya. Ki riƙa auna ƙarfen jininki sau biyu a shekara, kuma idan al'ada ta ɗauke wata uku ba dalili, alama ce cewa abinci bai kai aikin ba, ƙashi kuma na cikin haɗari, sai a ga likita ba tare da jinkiri ba.

Mataki na goma: rauni da ranar ajiye takalmi

Ciwon da ya tsaya a wuri ɗaya a kan ƙashi, wanda ke ƙaruwa idan kana gudu ko ya sa ka ɗingishi, ba a gudu a kansa. Hutun kwana biyar a farko ya fi na wata biyar a ƙarshe. Shekarun ƙoli a wannan sana'a ba su cika wuce goma ba, kuma rauni ɗaya na iya taƙaita su, don haka tun kana tashe ka nemi takardar horarwa, ka koyi tausa ta 'yan wasa ko aikin alƙalancin tsere, ka sa kuɗin gasa na farko mai kauri a abin da zai ci gaba da kawo wani abu.

Yaron nan na Aboabo bai shiga fanfalaki a waccan shekarar ba. Ya yi fushi mako biyu, sannan na gan shi a ƙofar gida da littafi mai baƙin bango, shafi na farko ɗauke da minti 18 da daƙiƙa 40 a kilomita biyar. Yanzu yana shekara 19, yana kilomita 75 a mako, ya sauko minti 15 da ɗoriya, ya kuma karɓi sakamakon jarrabawarsa. Mun sa masa mita 10,000 na farko bayan babbar salla, rabin fanfalaki kuma sai baɗi idan ƙwaurinsa na hagu ya daina ƙorafi.